Filin Lafiya Da Noma: Shin Man Ƙamshin Tsiro Zai Tsare Zuriyar Mai Feshi?

A cikin 'yan shekarun nan masanan kimiyya a jami'o'in Masar da Tunisiya da Aljeriya da Iran sun duƙufa wajen binciken wani al'amari wanda ya kamata duk manomin da ke goya famfon feshi ya kasa kunne gare shi. Abin da suke neman sani shi ne, ko man ƙamshin da ake tatsa daga tsire-tsire, irin su kanumfari da citta da kirfa da habbatus-sauda, yana iya kare ƙwayoyin haihuwar ɗa namiji daga ɓarnar da maganin ƙwari yake yi musu. Sakamakon da suka samu ya faranta rai, domin a gwaje-gwaje da dama an ga alamar kariya. To amma fa akasarin waɗanda aka yi wa gwajin ɓeraye ne na ɗakin bincike. Da yake labari irin wannan ba ya daɗewa bai faɗa hannun masu tallar maganin maza a tashoshin mota da kasuwannin ƙauye ba, ya dace a tsefe shi tun da wuri, mai karatu ya san abin da aka gano da kuma inda iyakarsa ta tsaya.

Kafin a zo ga magani sai a fara da cutar, kuma babu inda cutar ta fito fili kamar wani ƙaramin gari mai suna Lathrop a Jihar Kalifoniya ta Amurka. A can kamfanin Occidental Chemical yake da masana'antar haɗa magungunan gona, kuma cikin abin da ake haɗawa har da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da DBCP, wanda ake zuba wa ƙasa don kashe wasu ƙananan tsutsotsi masu cin saiwar shuka. A cikin shekara ta 1977 ma'aikatan sashen, suna hira a tsakaninsu, suka lura da wani abu mai ban tsoro, watau an jima babu wanda aka yi wa haihuwa a cikinsu, alhali kuwa galibinsu magidanta ne masu jini a jika. Ƙungiyar ƙwadagonsu ta shiga maganar, aka kai su aka auna maniyyinsu. Wani likita mai suna Donald Whorton ya bi diddigin lamarin, ya buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a wannan shekara. Daga cikin maza 25 da ya auna, 14 ko dai ba su da ƙwayar haihuwa ko ɗaya a cikin maniyyinsu, ko kuwa abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suka fi daɗewa a sashen su ne abin ya fi yi wa illa.

A nan akwai wani abu da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne jama'a suka fi jahilta. Waɗannan mutane ba su kwanta ciwo ba, ba su rame ba, kuma suna sauke haƙƙin iyalinsu kamar kowane lafiyayyen namiji. Ruwan yana fita, ƙwayar ce babu. A ƙasar Hausa an saba haɗa ƙarfin namiji da haihuwa a kwando guda, ana ganin muddin mutum yana iya kusantar matarsa to ba shi da laifi, idan ciki bai samu ba sai a ce matar ce juya. Alhali kuwa abubuwa biyu ne daban, ido ba ya rarrabe su, sai madubin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin kowane baligai 6 a duniya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a cikin kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun matsalar namiji. Allah kaɗai ya san yawan matan da aka yi wa kishiya ko aka miƙa wa takarda a kan larurar da ba tasu ba.

Abin takaici game da DBCP shi ne, ɓeraye sun riga sun yi gargaɗi. Tun a 1961 masu binciken da suka yi aiki tare da kamfanonin da ke yin sinadarin suka buga rahoton da ya nuna cewa marainan dabbobin da aka shaƙa wa shi sun tsuke sun lalace. Duk da haka aka ci gaba da sayar da shi, kamfanin Shell da sunan Nemagon, kamfanin Dow kuma da sunan Fumazone. Bayan abin da ya faru a Lathrop gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin amfani da shi, a 1979 ta haramta shi in ban da gonakin abarba na tsibirin Hawai, a 1985 kuma ta rufe wannan ƙofa ita ma. Amma a manyan gonakin ayaba na Kosta Rika da Nikaraguwa da Honduras da Filifin da Kwaddibuwa, lebura ya yi ta zuba shi da hannunsa, ba safa ba takunkumi, kuma a wasu wuraren an ci gaba da hakan bayan an san illarsa sarai. A Kosta Rika kaɗai an ƙiyasta maza wajen 1,500 ne aka tabbatar sun rasa haihuwa. Shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A 1997 kamfanonin Dow da Shell da Occidental suka yarda su biya dala miliyan 41.5 ga ma'aikata wajen 26,000 na ƙasashe daban-daban, kuɗin da idan aka raba shi kan kowane mutum ba zai kai dala 2,000 ba, tun kafin lauyoyi su cire nasu. Leburorin Nikaraguwa kuwa har tattaki suka yi ta yi a ƙafa daga yankin Chinandega zuwa Managuwa, babban birnin ƙasar, su kafa bukkokin leda a gaban majalisa suna neman haƙƙinsu.

Yau babu DBCP a shagunan kayan gona, amma danginsa na nesa suna nan birjik. Wanda ya shiga kowace kasuwar hatsi ko ya zaga gonakin rani na Kadawa da Kura a Jihar Kano, ko fadamun Sakkwato da Gashuwa, zai ga kwalabe iri-iri, wasu da takardar kamfani, wasu an ɗura su a gorar lemo ba suna ba kwatance. Da yawa daga cikin masu kashe ƙwari daga wani gida suke da ake kira oganofosfet, kuma a cikinsa ne ake samun diklobos, wato sinadarin da ke cikin Sniper da mafi yawan ota-fiya-fiya, da kulofirifos, da malatiyon. A 2023 wasu masana a Amurka suka tattara bincike 25 da aka gudanar a kan mutane cikin kusan shekara 50, suka auna su a ma'auni guda, suka tarar cewa mazan da suka fi cuɗanya da oganofosfet da wani gida makamancinsa da ake kira kabamet sun fi ƙarancin ƙwayoyin haihuwa. Illar waɗannan ba ta kai ta DBCP muni ba, ba su cika shafe ƙwayar gaba ɗaya ba, sai dai su rage yawanta, su kashe mata kuzari, su gurɓata siffarta. To amma ga mutumin da dama can yake bakin gaɓa, ragi kaɗan ya isa ya hana a yi suna a gidansa.

Ta yaya guba da aka yi don tsutsar tumatir take isa ga zuriyar mutum? Hanyoyin suna da yawa, amma wadda ta shafi wannan bayani ita ce abin da za a iya kira tsatsar jiki. Kowa ya san yadda ƙarfe yake yin tsatsa idan ya sha iska da ruwa, da yadda farin goro yake rinewa idan aka fasa shi aka ajiye, da yadda man gyaɗa yake sāke wari idan ya kwana biyu a buɗe. Duk aikin iskar oksijin ne. A cikin jikin mutum ma, yayin da ƙwayoyin halitta suke ƙona abinci don samun ƙarfi, akan samu wasu ɓurɓushin oksijin masu zafin nama waɗanda suke far wa duk abin da suka tarar. Allah ya tanadar wa jiki masu share su, wasu jiki ne yake yin su da kansa, wasu kuma daga abinci suke zuwa, kamar bitamin C da bitamin E. Muddin masu ɓarna da masu shara sun yi daidai, lafiya lau. Maganin ƙwari idan ya shiga jini sai ya ninka masu ɓarna, ya kuma gajiyar da masu shara.

Ƙwayar haihuwar namiji kuwa ita ce marainiyar wannan yaƙi. Fatar da ta lulluɓe ta cike take da wani irin kitse mai saurin lalacewa, sa'an nan da yake an halicce ta 'yar siririya don ta yi iyo da sauri, ba ta ɗauke da guzurin masu shara kamar sauran ƙwayoyin jiki. Idan tsatsa ta kama fatar sai wutsiyar ta yi sanyi, ta kasa tafiya. Idan ta kai ga kan, sai ta tsinka saƙon gado da ke ciki, wanda hakan yana iya jawo ɓarin ciki ko da an dace ƙwayar ta isa. Bugu da ƙari, wasu magungunan suna taɓa ƙwayoyin da ke yin sinadarin mazantaka a cikin maraina, su rage shi. Jiki yana ɗaukar kamar kwana 74 kafin ya gama ƙera ƙwaya ɗaya daga farko har ta nuna, watau gubar da manomi ya sha a feshin watan Janairu, sai wajen watan Afrilu za a ga cikakken tabonta.

A nan ne man ƙamshin tsiro ya shigo. Ya kamata a bambanta shi da man gyaɗa ko man ridi ko manja, waɗanda ake matsewa ana miya da su. Shi man ƙamshi turara ganye ko fure ko ɓawo ake yi, tururin ya ɗebo ƙamshin, a sanyaya shi, sai man ya taso a saman ruwa a kwashe. Tulin ganye ba ya ba da abin da ya wuce 'yar ƙaramar kwalba, saboda haka ƙarfinsa ya ninka na ganyen nesa ba kusa ba. A cikin man kanumfari, alal misali, fiye da kashi 70 cikin 100 wani sinadari ne da ake kira yujinol, shi ne mai sa harshe ya yi dirim, shi ya sa ake sa kanumfari a haƙori mai ciwo. A cikin habbatus-sauda kuma akwai taimokwinon. Waɗannan sinadarai an tabbatar a ɗakin gwaji suna kama ɓurɓushin oksijin ɗin nan su kashe musu kaifi.

Yadda ake gudanar da binciken kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Akan samo ɓeraye maza, a raba su gida huɗu. Gida na farko ba a ba su komai sai abinci, na biyu a ɗura musu maganin ƙwari, na uku a ba su man tsiro kawai, na huɗu kuma a haɗa musu guba da mai. Bayan 'yan makonni sai a yanka su a duba. A Tunisiya, a wani bincike da aka buga a 2018, an yi haka da malatiyon da man wani tsiro mai ƙamshi da ake kira labanda, aka ga ɓerayen da suka sami man ba su yi lalacewar da 'yan uwansu suka yi ba. A Aljeriya an gwada man habbatus-sauda a kan ɓerayen da aka bai wa kulofirifos, aka ga yawan ƙwayoyinsu da kuzarinsu da sinadarin mazantakarsu sun farfaɗo. A nan gida ma, masana a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi shekaru suna gwada bitamin C da bitamin E a kan ɓerayen da aka bai wa kulofirifos, suka ga sassauci a marainansu. Wannan aiki ne na gaske, kuma ya ƙara tabbatar da cewa tsatsar jiki tana cikin hanyoyin da gubar take bi.

To, amma tsakanin kejin ɓera da gonar Kadawa akwai tafiya. Ɓera guba ɗaya ake ba shi, wadda aka san sunanta aka auna nauyinta, na tsawon makonni. Manomi kuwa yakan gauraya kwalba biyu ko uku a famfo ɗaya, ya yi shekara 15 yana shaƙa, wani lokaci shi kansa mai shagon bai san abin da ke cikin gorar ba. Ɓera ana ba shi man ne kafin gubar ko tare da ita, a ma'aunin da aka ƙididdige bisa nauyin jikinsa, alhali mutum ba ya neman magani sai ɓarna ta riga ta auku. Kowane gida na gwajin yawanci 'yan ɓeraye kaɗan ne a cikinsa. Har ila yau, man da aka tatso daga tsiron da ya fito a tudun Tunisiya ba lalle ya yi daidai da na irinsa da aka shuka a wata ƙasa ba, domin ƙasa da yanayi da lokacin girbi duk suna sauya abin da ke cikinsa. Sa'an nan akwai wata ɗabi'a ta duniyar bincike wadda masana da kansu suke kuka da ita, watau gwajin da ya yi nasara shi ake gaggawar bugawa, wanda bai nuna komai ba yakan kwana a aljihun tebur.

Da aka zo kan mutane kuwa, labarin ya yi sanyi. Gaskiya ne a Iran an buga wani gwaji a 2014 inda aka raba maza 68 masu raunin maniyyi gida biyu, aka bai wa rabi man habbatus-sauda safe da yamma har wata 2, aka ga maniyyinsu ya inganta. Amma mutum 68 ba su da yawa, kuma ba a zaɓe su don suna aikin feshi ba. A Amurka an yi wani gwaji da aka buga a 2020, aka bai wa maza haɗin bitamin da sauran masu hana tsatsa na tsawon watanni, ba a ga wani bambanci ba ko a maniyyi ko a samun ciki. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, ta tattara gwaje-gwaje 90 a kan maza fiye da 10,000 a 2022, ta ce mai yiwuwa ne masu hana tsatsa su ƙara damar haihuwa, amma hujjar mai rauni ce ƙwarai. Wannan shi ne matsayin ilmi, kuma duk mai kwalbar da ya ɗaga murya ya wuce nan, to ciniki yake yi.

Akwai wani abin lura a nan. Lokacin da ɓeraye suka nuna a 1961 cewa DBCP yana lalata maraina, an yi shekara 16 ana cewa ai ɓera ba mutum ba ne. Yanzu da ɓeraye suka nuna abin da za a iya ɗurawa a kwalba a sayar, sai ga shi ana neman a karɓi shaidarsu ba tare da an jira ta mutum ba. Hankali dai ya nuna cewa gargaɗin ɓera game da guba ya fi cancanta a yi aiki da shi nan take, domin wanda ya guje wa guba bisa kuskure bai yi asarar komai ba, amma wanda ya dogara da kariyar da ba ta tabbata ba yakan ƙara sakin jiki da gubar.

Kuma kada a ɗauka cewa duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Angurya ta ishi mai shakka misali. A wasu ƙauyukan ƙasar Sin da suka koma girki da ɗanyen man angurya wanda ba a tace ba, haihuwa ta ɗauke, daga baya aka gano wani sinadari a cikinsa mai suna gosifol shi ne sanadi. Ƙarfinsa ya kai har a shekarun 1970 aka gwada shi a kan dubban maza a matsayin maganin hana haihuwa, aka watsar da shi domin wasu ba su warware ba bayan sun daina sha. Man darbejiya ma masanan Indiya sun nuna yana kashe ƙwayar maniyyi. Shi kansa kanumfari, a wani gwaji da aka yi a Indiya, kaɗan daga cikinsa ya ƙara wa ɓeraye sinadarin mazantaka, da aka ƙara yawansa sai ya rage shi ya kuma taɓa maraina. Tsantsar man kanumfari idan yaro ya sha ko da cokali biyu ne yana iya lalata masa hanta. Man labanda kuwa, wanda ya taimaki ɓerayen Tunisiya, a 2007 likitoci a Amurka sun ba da rahoton yara maza 3 da nono ya fara fito musu suna shafa kayan da ke ɗauke da shi, ya koma bayan an daina. Kanumfari da citta a cikin kunu ko shayi ko yaji abinci ne mai kyau, babu mai hana kowa. Tsantsar mai a kwalba kuwa magani ne mai kaifi, kuma ba a sha sai da ma'auni.

Haka nan al'adar nan ta shan madara ko manja bayan an gama feshi, da nufin wai su kashe dafin, ba ta da tushe. Madara ba ta warware oganofosfet. Wanda ya fara zubar da yawu da gumi da amai, idonsa ya ƙanƙance, numfashi ya yi masa wuya bayan feshi, asibiti za a kai shi da gaggawa tare da kwalbar maganin, domin akwai allurar da ake yi masa, kuma jinkiri yana iya zama ajali.

Abin da ya fi kowane mai amfani ga manomi shi ne ya san ta inda gubar take shiga. Yawancin mutane hanci suke tsaro, su ɗaura ƙyalle su ce sun gama, alhali ga mai feshi fata ita ce babbar ƙofa. Wani bincike da aka yi a Kalifoniya a 1971 ya auna yadda sassan jiki suke tsotse maganin faratiyon, aka tarar fatar maraina tana tsotsewa kusan ninki 12 na fatar damtsen hannu, kusan duk abin da ya taɓa ta shigewa yake yi. Sai mai karatu ya kwatanta wannan da abin da ake gani kullum a gona: famfo mai yoyo a baya, ruwan magani yana bin gadon baya yana jiƙa wando, mutum ya wuni a cikinsa rana tana dukansa, ya tsaya ya yi fitsari bai wanke hannu ba, ya ɓare goro ya jefa a baki, da yamma ya rataye rigar a ɗaki, gobe ya sake sa ta, ranar wanki kuma matarsa ta cuɗa ta da kayan yara. Gyaran bakin famfo, da safar hannu ta roba, da takalmin ruwa, da doguwar riga da wandon da aka keɓe wa feshi ake wanke su daban, da wanka da sabulu da zarar an sauke famfo, da yin feshi da sanyin safiya ana bai wa iska baya, duka kuɗinsu bai kai na buhun taki ɗaya ba.

Wanda ba ya noma ma bai tsira ba, domin abin yana biyo shi cikin kwano. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda an sami diklobos a cikinsa daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka yarda da ita 0.01 ce. Turawa sun ƙi, amma irin wannan wake bai fasa zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko ba, bai fasa zama ƙosai da alale ba. Ga shi kuwa akwai mafita wadda ba ta bukatar ko ɗigon magani, watau buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu. Hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantunan kayan masarufi a 2019, a 2023 kuma ta ba da sanarwar janye wasu magunguna daki-daki, ciki har da farakwat da kulofirifos. Doka dai ta fito, sauran aiki ya rage ga masu zaga kasuwa.

Jami'o'in ƙasar nan kuma lokaci ya yi da za su fito daga kejin ɓera. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna zaune ne a tsakiyar dubban masu feshi, kuma tun bayan annobar tsutsar tumatir ta 2016, wadda ta sa Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, manoma suka ƙara ba da ƙarfi ga kwalba. Bin waɗannan mutane shekara da shekaru, da yardarsu da kuma sirrinsu a rufe, a auna jininsu da maniyyinsu kafin rani da bayansa, shi zai nuna girman matsalar a ƙasar nan. Idan kuwa za a gwada habbatus-sauda ko wani mai a kan mutum, a irin wannan tsari ne ya kamata a gwada shi, ƙarƙashin idon likita. Ma'aikatun gona na jihohi su ma suna da nasu: malamin gona da zai je ƙauye ya nuna yadda ake gauraya magani, da takardar gargaɗi a jikin kwalba da Hausar boko da ajami, maimakon Turancin da mai saye ba ya karantawa.

Magidancin da ya shekara ɗaya da aure ba tare da an sami rabo ba, musamman idan yana feshi ko yana sayar da maganin gona ko yana zuba wa hatsi magani a sito, ya kamata shi ma ya je a auna shi tun kafin a fara yawo da matarsa. Awon ba shi da zafi kuma ba a yanka komai. Akan nemi mutum ya ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a ɗakin gwaji, a duba yawa da motsi da siffa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana so a sami aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowane mililita. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, domin ko zazzaɓi mai zafi yana iya rage adadin na ɗan lokaci, saboda haka idan aka ga rauni akan ce mutum ya nisanci maganin ƙwari, ya dawo bayan kamar wata 3 a sake dubawa. Cikin ma'aikatan DBCP da likitoci suka bi shekara da shekaru a Isra'ila, wasu ƙwayoyinsu sun dawo bayan shekara 3 zuwa 4 da barin aikin, har suka haihu, wasu kuwa, musamman waɗanda suka fi daɗewa suna shaƙa, ba su dawo ba.